Mama Mildred da shekarar da citta ta ruɓe

Ƙarfe shida da rabi na safe Mama Mildred Dogara take fitowa daga gidanta a Kafanchan, bokiti a hannu, na'urar awon jini a jaka. Da Baba Ifediora take farawa, tsohon ma'aikacin reluwe ɗan Ibo wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Ta juya shi, ta goge masa baya, ta duba ko gyambo ya fara. Daga nan ta hau Keke Napep zuwa bayan gari wurin Nene Zamzam, Bafulatanar da idonta ya rufe, 'ya'yanta kuma suka bi shanu kudu. Tsofaffi goma sha uku take zagayawa haka tun da ta bar aikin jinya a asibiti.

Tausayi kaɗai ba ya sayen magani, ta san da haka. Shi ya sa tun farko ta shawo kan ƙungiyar manoman citta na unguwarsu, kowa ya riƙa ware buhu guda idan an yi girbi. Da shi ake sayen magani da famfas, a sallami mata biyu masu taya ta.

Sai daminar 2023 ta zo, cuta ta shiga gonaki, citta ta ruɓe a ƙasa.

Aka kira taro da rana a wani ajin firamare. Martins, shugaban ƙungiyar, wanda shi ma gonarsa ta tafi gaba ɗaya, ya miƙe ya ce abin da ya rage ba zai ɗauki fiye da mutum bakwai ba. Dole a cire shida.

Wani daga baya ya ce, "To a fara riƙe namu. Ɗan Ibo yana da garinsu, Fulani suna da danginsu."

A Kafanchan kowa ya san inda irin wannan magana take kai mutane. Yuguda, ɗan ƙanin Nene da ya zo sauraro, ya tashi tsaye yana kallon mai maganar. Wasu matasa biyu su ma suka tashi. Mama Mildred ta taka ta tsaya a tsakiyarsu, ta ajiye takardar sunayen tsofaffin a kan tebur.

"Ban hana ku ba," ta ce. "Ga biro. Amma duk wanda ya soke suna, shi zai je ya faɗa wa mai sunan, ido da ido. Ni zan raka shi."

Babu wanda ya motsa. Yuguda ya fice bai yi wa kowa sallama ba. Can Martins ya ɗauki biron ya ce shi ne shugaba, shi zai je.

Washegari suka shiga ɗakin Baba Ifediora tare. Mama Mildred ta ce, "Martins, kama mini kafaɗarsa." Ya kama, suka ɗaga tsohon. Bai fi nauyin yaro ba.

"Ɗana, na ji citta ya mutu," in ji Baba da harshensa mai nauyi. "Sannu. Yara suna cin abinci? Ka gaya ma Mildred ta bar kawo farin ƙwaya ɗin, yana tsada. Ni na tsufa."

Martins ya gyara wa tsohon bargo, ya nufi ƙofa. Da suka fito waje ya jingina da bango.

"Mama, ba zan iya ba. Amma wallahi kuɗin babu."

"Na sani. Rana fa? Kana da rana ɗaya a mako?"

Nan tsarin ya canja. Wanda ba shi da buhu ya ba da yini. Matan zumunta na coci suka ɗauki wanki, matan Islamiyya suka ɗauki kunun safe, masu Keke Napep biyu suka ɗauki kai tsofaffi asibiti. Ba a sha da daɗi ba. Magani ya yanke sau biyu, aka rasa tsohuwa ɗaya kafin Kirsimeti, har yau Mama Mildred ba ta son a tuna mata. Yuguda ya yi wata uku bai leƙo ba, sannan wata safiya ya aiko da nono, ya ce a raba wa duka. Amma ba a soke sunan kowa ba. Yanzu har masara da waken suya ake warewa, don kada amfani ɗaya ya sake kayar da su.

Mama, ke ce kika tsaya tsakanin maza masu huci. Ke ce 'yar waɗanda 'ya'yansu suka yi nisa. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri.

A ƙarshen watan nan za ta miƙa aikin, don ƙafa ta fara ƙin tafiya. Shekarunta sittin da tara, ita kaɗai ce a gida. Da aka ce ita ma za a sa sunanta a takardar tsofaffin, sai ta ce a fara duba wani tsoho da ta ji labarinsa a hanyar Gwantu. Mai karatu, a tsarin ba da yini, ranar Laraba har yanzu ba ta da kowa. Je ka ka ɗauke ta.