Ranar da Shinkafar Iya ta Kama

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai buga littattafai ne tun ina makarantar sakandare. Shagonsa yana birnin Kano, ɗan ƙarami, amma ba a can ake yanke wa littafi hukunci ba. A Kura ake yankewa, a tsakar gidan kakata Iya, gaban murhun da take turara wa mutane shinkafa.

Ga yadda yake yi. In marubuci ya kawo masa labari, sai ya zo da takardun ranar Asabar, ya jawo turmi ya zauna, ya yi ta karantawa da ƙarfi. Ita kuwa Iya tana tsare da rabin duro cike da shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, an rufe da buhu. Aikin yana son ido: da tururi ya ratsa buhun, ƙwayar ta buɗe baki, dole a janye itace, in ba haka ba ƙasan ya kama. To in labarin ya ɗauke hankalin Iya har ta manta da wuta, ƙauri ya tashi, Kawu zai naɗe takardu ya ce, "Wannan littafi ne." In ta janye itacenta a kan lokaci, sai mai labari ya koma ya sake zama.

Ni kuwa sau uku ina kai nawa. Sau ukun nan shinkafar Iya ta fito tas, ko ƙwaya ba ta ƙone ba. A na ukun har hamma ta yi. Na ji haushi ƙwarai, na ce, "Kawu, yanzu tsohuwar da ko sunanta ba ta iya rubutawa ita za ta hana ni zama marubuciya?"

Ya ce, "'Yar nan, ba ita ta hana ki ba. Duron ne."

Na yi wata biyu ban gaishe shi ba. Na kama koyarwa a Bunkure, na ce rubutu ya sha kuruminsa, amma ƙarya nake. Duk gidan da na wuce na ji ƙaurin shinkafa sai raina ya sosu.

Shekaru suka ja, aka kira Kawu ya shugabanci wata hukuma mai tallafa wa masu aikin tarihi da al'adu. Ya bar shagon a hannun abokin aikinsa, ya koma ofis mai sanyi, har ya ajiye ɗan tumbi. Da na je yi masa murna Iya ta ce, "Ka ji mini, wai an ba shi raba kuɗin labari. Ni da nake ba da shi kyauta tun kafin a haife shi fa?"

Maganar ta tsaya mini. Iya da sa'o'inta ne kaɗai suka rage da suka san garinmu kafin a haƙa kanal na noman rani, lokacin da rani in ya shigo maza sai ci-rani. Na cike fom, na nemi tallafin ɗaukar muryoyinsu. A raina na ce, ai mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya.

Ashe na yi kuskure. Ranar da aka zo kan takardata, Kawu ya ce wa kwamiti 'yar yayarsa ce, ya ɗauki hularsa ya fita daga ɗakin. Na kira shi ina huci. Ya ce, "In aikinki ya isa, ba ya bukatar kawu. In bai isa ba, kawu ba zai isar da shi ba." Na kashe wayar ba sallama.

Kwamitin suka turo mutum biyu su gane wa idonsu. Suka zauna da Iya rabin yini, suka tafi da tsarabar turararriyar shinkafa a leda, bayan 'yan makonni tallafin ya fito. Na yi shekara guda ina bin bakin kanal da rikoda, daga Kura zuwa Kadawa zuwa Bunkure, ina zama da tsofaffi a rumfunan tumatir. Da na zo rubutawa ban yi musu kwalliya ba. Yadda suka faɗa haka na zuba, nawa kawai jerawa da datsewa.

Na gama na kira Kawu na ce hukuma ta karɓa. Ya ce, "Hukuma daban, duro daban. Ina nan zuwa Asabar."

Ya zo da tsohuwar rigarsa, ya jawo turmin nan. Na zauna a gefe ina kallon duron. Ya fara da babin ranar da ruwa ya fara gudu a kanal tsakiyar rani: yadda mata suka fito da ƙwarya suna tsoron taɓawa, da wata amarya da mijinta ya riga ya ɗaure kayan ci-rani, ya ga ruwan, ya dawo ya kwance kayan a ƙofar ɗakinta.

Iya ta tsaya da itace a hannu. Ta ce, "Wace ce wannan? Ta iya magana."

Na ce, "Ke ce, Iya."

Ta ce, "Karanta mini wurin kwance kayan kuma."

Kawu ya maimaita. Ta sa gefen zane ta goge ido, ta ce hayaƙi ne. Can sai na ga Kawu ya ɗaga hanci yana shinshina. Ya dube ni, ya naɗe takardun a hankali.

Iya ta juya ta ga duronta, ta yi salati, ta bi mu da itacen tana cewa mun cuce ta, buhu guda na mutane. Ni kuwa ina gudu ina dariya ina kuka. Na koma na kankare ƙanzon da hannuna, na ɗaure kaɗan a leda, yana nan cikin akwatina har yau.