Aikin Mutum Biyu, Sunan Mutum Ɗaya

A lokacin da abin nan ya faru ban cika shekara talatin ba. Ban daɗe da dawowa gida Filinge daga Yamai ba, da takardar karatun kula da ma'aikata a jaka, da girman kai wanda ya fi takardar nauyi. Na samu aiki a wani kamfani mai gyaran famfunan ruwa masu aiki da hasken rana a ƙauyukan ƙasar Kurfai, tun daga Baleyara har Abala da Sanam. Ni ce mai kula da ma'aikata. Ɗaukar mutum da hutunsa da sabunta kwantiraginsa, duk ta teburina suke bi. Ina jin daɗin a ce mini madam, ba zan ɓoye ba, kuma na ɗauka duk wanda bai iya kwamfuta ba bai san aiki ba.

Ni na matsa wa shugabanmu har aka sayo manhajar kula da ma'aikata, irin mai ƙirƙirarriyar basira. Aka ba kowane mai gyara waya. In ya gama gyaran famfo sai ya ɗauki hoto ya tura da sunansa, manhajar kuwa ta tattara, ta tsara wa kowa ƙauyukan da zai je, ta tuna mini ranar hutun kowa, ta kuma jera su daga mai ƙwazo zuwa na ƙarshe. Gaskiya ta taimake mu. Rigimar wane ya fi wane hutu ta mutu, famfon da kan yi sati uku a lalace ya koma kwana biyu. Ni kuwa sai na daina fita daji gaba ɗaya. Me zan je nema cikin rana, alhali komai na gabana a allo?

Cikin masu gyaranmu akwai wani dattijo, abokin mahaifina ne tun suna samari, Baba nake ce masa, shi kuma ko a wurin aiki ɗiyata yake ce mini, abin da ke ba ni haushi a gaban mutane. Tun kafin zuwan famfon rana yake gyaran rijiyoyi. Amma wata bayan wata sunansa na can ƙasan jeri. Wanda ke sama kuwa wani magidanci ne ɗan Sanam, mai shiru-shiru. Na kira Baba sau biyu na nuna masa allon, na ce ya ƙara himma. Ya dubi allon kamar yadda ake duban baƙon da ba a san harshensa ba, ya yi murmushi, ya ce to, ɗiyata, za a ƙara. Ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba.

Da aka ce a rage mutum ɗaya cikin masu gyara, ban ɓata lokaci ba. Na buɗe jerin, na ɗauki na ƙarshe. A nan ne laifina yake, don manhajar ba ta yi mini ƙarya ba. A gefen sunan Baba ta sa wata ƴar alama, ta rubuta cewa wayarsa da ta ɗan Sanam kullum wuri ɗaya ake ganinsu, a bincika kafin a yanke hukunci. Na karanta da idona. Na ce a raina ai tsohon ne ke maƙale wa mai ƙwazo don ya fake a inuwarsa. Har wani daɗi na ji cewa zan nuna wa gari ba na duban sanayya. Na rubuta a takardar sallama cewa ƙarancin ƙwazo ne dalili, na sa hannu.

Ranar da na miƙa masa takardar, ya ce in karanta masa don idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu. Na karanta har wurin dalilin. Sai ya tambaye ni ko wannan ragin ya ƙare a kansa, ko akwai wani da za a sake taɓawa. Na ce shi kaɗai ne. Ya ce to alhamdulillahi, ya ajiye wayar da makullin moto, wato babur ɗin aiki, a kan tebur, ya ce in gaida mahaifina. Kafin sati ya zagayo magana ta bazu har kasuwa cewa an kore shi saboda lalaci. Mahaifina ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwata sai da ka.

Ba a yi wata biyu ba famfunan gefen Sanam suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Mata suka koma tsoffin rijiyoyi, masu gari suna ta aiko mana. Mutumin da ke saman jeri ya faɗo ƙasa warwas. Na kira shi cikin fushi, na miƙa masa takardar gargaɗi ya sa hannu. Ya ɗauki alƙalamin, ya suɓuce. Ya sake ɗauka, ya sake suɓucewa. Sai ya fashe da kuka, babban mutum mai iyali, ya gaya mini cewa hannunsa na dama ya fi shekara da fara mutuwa, ko sifana ba ya iya riƙewa. Maganin da yake karɓa a asibitin Yamai kuwa sai mai aiki a kamfanin ake ba. Ya ce Baba ne ya gano, ya hana shi faɗa wa kowa. Kullum sai Baba ya goya shi a moto, ya yi gyaran ƙauyukansu duka biyu shi kaɗai, sannan ya tura mafi yawa da wayar ɗan Sanam, ya bar wa kansa ɗan abin da ya rage. Ya ce ranar korar ya so ya zo ya faɗi gaskiya, Baba ya rantse in ya buɗe baki ba shi ba shi.

Na kai maganar gun shugaba ina zaton gyara nake yi. Ya ce dokar kamfani a fili take, wanda aka tura aiki da sunansa bai yi ba, sallama ce. Na roƙa, bai ji ba. Ya dai yarda a mayar da Baba. Na tafi gidan Baba da la'asar, na same shi yana gyaran danga. Na durƙusa, abin da ban yi masa ba tun ina yarinya, na nemi gafara, na ce ya dawo aiki. Bai ce mini komai a kan kansa ba. Tambayarsa ɗaya ce, yaya aka yi da ɗan Sanam. Da na gaya masa, sai ya zauna a kan turmi. Ya ce ashe ke nan a banza ya tafi. Ya ce ya yafe mini, amma ba zai iya hawa moton nan shi kaɗai ya wuce ta ƙofar gidan mutumin ba.

Bai dawo ba. Ya koma gonarsa ta hatsi, kuma bayan damina biyu Allah ya yi masa rasuwa. A wurin gaisuwa na ji da kunnena wata mata na tambaya ko shi ne wanda aka kora don lalaci. Na buɗe baki na gaya mata gaskiya, amma mace ɗaya ce cikin gari guda. Ɗan Sanam yana nan da rai, hannun ya mutu gaba ɗaya. Nakan je in gaishe shi, yakan karɓe ni da mutunci, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Har yau ina wannan aiki, kuma har yau ina amfani da manhajar, don ba ita ta kori Baba ba. Ita ta ce a bincika, ni na ƙi. Abin da na koya shi ne na'ura tana ganin abin da aka tura mata ne kawai, mutanenmu kuwa sun gwammace su rasa aiki da su tona asirin ɗan'uwansu. Ina roƙon duk wanda aka ɗora wa kula da ma'aikata, kafin ka sa hannu a takardar kowa, ka tashi daga kujera ka je inda yake aiki, ka zauna ka tambaye shi abin da ke faruwa, in ya yi murmushi ya ce babu komai ka sake tambaya. Tsakanin teburina da famfon da Baba ke gyarawa tafiyar rabin yini ce a moto, kuma ban je ba.