Bakin Zaren Hajiya Ige

Duk wanda ya ce maka ba a jin ɗumin wuta a Jidda, bai san kakata ba. Garin da ƙwai ke dahuwa a leda kafin ka iso gida daga shago, nan Hajiya Ige take hawa rufin gidanmu a Waziriyya kullum bayan magariba, ta hura gawayi a kurfoti, ta ɗora kasko da yashi, ta hau suyar gyaɗar da za ta sayar gobe a ƙofar makaranta. Mu jikoki mu kewaye ta muna tsiyayar zufa. Ba son zafi ya kai mu ba. Gyaɗar da ta ƙone tamu ce, tatsuniya kuma kyauta.

Ni ne babban jikanta namiji, don haka ni ne mijin. Ina hawowa za ta ce, "Maigida, yau ma hannu rabbana? Ina cefane?"

In ce, "Ai na sake ki tun jiya, ba a kawo miki takardar ba?"

Sai ludayi ya sauka a ƙeyata.

Bagobira ce. Tana da tsaga shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, sun taso daga gefen baki sun bazu har kunne. Idan hasken garwashi ya doke ta, sai ka ga kowane layi ya tashi tsaye. Yaran unguwa in sun tambaye ta ko kyanwa ce ta yakushe ta, sai ta ce, "Damisa ce. Ku je ku ga yadda ni na bar ta."

Tatsuniyoyinta sun fi gyaɗar kaskon yawa, amma akwai ɗaya da ba ta mako ba ta dawo ba. Ba ta buɗe ta yadda ake buɗewa. Cewa take, "Ga wata can tafe da ƙafarta, ku matsa mata." Mu 'yan Jidda mu ce, "Yalla, ta zauna."

Wai Bushiya ce tela a daji, tunda Allah ya halicce ta da allurai a baya. Ran nan Hankaka ya zo, baƙi ƙirin, ko kare ba ya kallonsa. Ya ce, "Yaya Bushiya, ki rufa min asiri." Ta ɗinka masa farar riga a ƙirji. Ya fita, tsuntsaye suka yi caa, kowa yana so. Ya dawo ya ce ta ɗinka goma. Ta ɗinka. Ya ce ɗari. Ta ɗinka har allurar bayanta suka fara zubewa. Hankaka ya buɗe rumfa, rumfa ta zama shago, shago ya haihu. Ya ɗauki zakaru suna yi masa shela da asuba cewa da farin ƙirji aka haife shi, gadon gidansu ne. Ranar da Bushiya ta ɗinka 'yar riga ɗaya don ta sayar da kanta, Hankaka ya turo shaho ya ƙwace, wai ta kwaikwayi kayansa.

A nan Ige take rage murya, ta daina juya gyaɗa. "Amma Bushiya ba sakarya ba ce. Duk rigar da zare ɗaya ta ɗinka ta, irin ɗinkin bakin buhun shinkafa. Ta bar bakin zaren a ciki, ba ta ƙulle ba. Ja ɗaya, halas, an gama."

"To ta ja mana, Hajiya."

"Ranar da ta ja," in ji ta, idonta na ƙyalli, "zai tsaya tsirara tsakiyar kasuwa. Kaji za su yi dariya har su yi ƙwai biyu-biyu. Kunya za ta sa ya shiga ramin ɓera, ɓera ya ce ba ya ba tsirara haya."

Kowane dare sai ta ƙara masa sabuwar azaba. Wata rana ƙuda ne ke masa tofi, wata rana matarsa ce ke bin jimina. Mu ma muna kawo tamu gudummawar, ni na taɓa ba da shawarar a soya shi a kaskon nan. Amma in muka ce, "Yau za ta ja?" sai ta ce, "Ba yau ba. Na naɗe ta na sa ƙarƙashin tabarma. Ku tashi, an kira isha'i."

Na tsani Bushiyar nan. Zare a hannunki, kina jiran me?

Sai wata ƙaramar salla, ina ɗan shekara goma sha biyu, na yi wa babana naci har ya saya min riga a babban kantin kayan sawa da kowane yaro a Jidda yake mafarki. Ba zan faɗi sunansa ba, ina son iƙamata, katin izinin zamana a ƙasar. Kun dai san irinsu: hawa uku, sanyi kamar firij, ga tambarinsu ja a ƙirjin kowace riga, wasu layuka da suka bazu hagu da dama. Na hau rufi ina taku ɗai-ɗai. "Matata, kalli mijinki."

Ba ta yi dariya ba. Ta ajiye ludayi, ta kama ni a kwala, ta ja ni gaban wuta. Ta ɗora yatsana a kan tambarin. "Ƙirga."

Shida a nan, bakwai a can.

Ta ɗauke yatsan ta ɗora a kuncinta. "Ƙirga."

Ranar na ji ragowar labarin, babu Bushiya a ciki. Mai kantin da ƙaramin shago ya fara a Sharafiyya, wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Mata irin su Ige ke masa ɗinkin rigunan yara a gida. Ita ba ta iya rubutu ba, don haka ta riƙa sa fuskarta a ƙirjin duk rigar da ta fito daga hannunta, da jan zare da allura mai ƙugiya, don a san tata ce. Iyaye suka fara cewa a ba su mai jan zanen. Da ya yi ƙarfi ya sayi injina, ya kai zanen aka yi masa rajista da sunansa, ya sallami matan. Ita kuma ta ci gaba da ɗinka nata tana kasawa a bakin titi, har ranar da yaransa suka zo suka kwashe, wai jabu ne.

"Jabu, Bakur," in ji ta. "Fuskar da wanzami ya yi min ina da kwana bakwai. Na ce su kwashe har da kuncin." Lokacin takardunta na zama a ƙasar ba su cika ba, in ta kai ƙara kanta ta kai. Sai ta sayi kasko.

Rigar sallar nan da ita aka riƙa sauke kasko daga wuta har ta mutu, rigar nake nufi.

Daga nan na zama malamin tarihin kantin, ba don ƙauna ba. Ina kallo suka fito da layin kayan jarirai, da na abaya, da wani mai sunan Italiya wanda Italiyar da ya sani ita ce sito a unguwar Khumra, nan Jidda. Reshe ya fi shagon shawarma yawa. Labarin tambarin kuwa yana canza riga kamar amarya. Da farko a talla suka ce ganyen dabino ne. Bayan wasu shekaru suka ce fitowar rana ce a kan teku. Da wani ya tambayi dalilin da gefe ɗaya ya fi ɗaya, suka buga a allunan titi cewa su kullum suna ƙara wa mai saye ɗaya. Ige in muna wucewa a mota ta ga allon, sai ta gyara mayafi ta ce, "Sun ƙara min girma. Bara ban kai haka ba." Sannan ta tofar ta taga.

Ta rasu ba ta ja komai ba. Ni kuma, ku yi min dariya, yunwa ta kai ni aiki a kantin, su ne ma kafilina, masu tsaya min a kan iƙama. Ina cikin masu shirya gumakan tallan kaya, in sa musu riga in cire. Shekara shida ina yawo da fuskar kakata a aljihun gaba.

Bara suka shirya bikin cikar kantin shekaru masu yawa. Sabon labari ya fito: wai mahaifiyar mai kantin ce ta ɗinka rigar farko da hannunta a hasken fitila. Suka yi talla da wata farar tsohuwa mai laushin hannu, wadda ko maɓalli ba ta taɓa sawa ba. Kuma za a nuna ainihin rigar a babban reshe. Wa aka ba aikin sa wa gunki ita? Mijin Ige.

Na buɗe akwatin ni kaɗai a ɗakin shiri. 'Yar rigar yarinya ce, farinta ya koma ruwan madara. Na juya cikinta. Ga shi nan, ƙarƙashin layi na bakwai, bakin jan zare kamar tsawon gaɓar yatsa, ba a ƙulle ba. Ya fi ni shekaru yana jira.

Na kama shi. Wallahi na kama shi. Ja ɗaya, Hankaka ya tsaya tsirara. Amma abin da zai zube ƙasa fuskarta ce, kuma ita kaɗai ta rage da hannunta ya taɓa. Na tsaya har aka fara buga min ƙofa. Sai na ɗauki allura na zaro bakin zaren ta gaba, na bar shi yana lilo a ƙirji, inda makaho ma zai gani.

Aka taru, kyamarori ko'ina. Aka turo tsohon mai kantin a keken guragu, an maƙala masa makirufo a kwala. Aka yaye ƙyallen da ya rufe gunkin. Ya fara, "Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta..."

Manajan reshenmu mutum ne da in ya ga zare a kafaɗar mai gadi sai ya tsinke shi kafin ya amsa sallama. Duk ɗan kantin tufafi haka yake, hannun ne ke tafiya da kansa. Na san shi, shi ya sa na bar zaren a waje. Ya hango jan abu yana lilo gaban manyan baƙi, ya matso da murmushi, ya kama, ya ja.

Layi na bakwai ya tafi, zurrr.

Tsohon da aka ce ba ya iya tashi sai ga shi tsaye. "Kar ka ja! Ɗinkin Hajja Ige ne, duka zai warware!"

Lasifika ta kai maganar har hawa na uku. Wata 'yar jarida ta ce, "Sunan mahaifiyar taka ke nan, Baba?" Ya koma ya zauna. Ni ina bayan gunki ina kallon silin kamar wanda bai taɓa ganin fitila ba.

Sun yanke wurin daga tallarsu, amma wayoyin mutane ba su yanke ba. Katin da ke gaban gilashin da aka sa rigar a ciki har yau mahaifiya yake cewa. Manaja aka mayar sito a Khumra, Allah ya ba shi haƙuri, ya daɗe yana yanke min hutu. A Waziriyya kuwa yanzu in mace za ta sayo kayan salla, cewa take za ta kantin Ige.

Na daɗe ina ganin tsoro ne ya hana Bushiya ja. Yanzu da na riƙe zaren da hannuna na san ba tsiraicin Hankaka take so ba, wannan na ba yara dariya ne. So take ya kwana ya tashi yana sane da zaren, har ranar da bakinsa zai faɗi mai shi. Shekara da shekaru yana sayen alluna don ya binne suna ɗaya, ashe yana nan a ƙarƙashin harshensa, ba a ƙulle ba.

Abin da ke ci min rai, rigar yanzu shida da shida ce. Ni na ci mata layi ɗaya, kuma na san da tana nan da ludayi ya sauka. Zaren da ya zube na tsince shi a ƙasa ranar, yana cikin walat ɗina bayan katin iƙama. Wani lokaci bayan magariba nakan hau rufin, babu kurfoti babu kasko, in fito da shi in ɗaga.

Ga cefanen, matata. Ya yi latti, amma ba hannu rabbana na zo ba.