Takardar Malabo

Mutane kan tambaye ni yadda aka yi ɗan Dogarawa ya iya harsunan nasara har biyu, Faransanci da Sifaniyanci. Nakan ce sha'awa ce. Ƙarya nake yi. Yau ga ni da furfura, ina iya kama tashar rediyo ta kowannensu in ji abin da ake faɗi, amma ban taɓa sha'awar ko ɗaya ba.

Faransanci dai ba ni na neme shi ba. Zamanin soja ne, mai gari ya aiko a ba da yaro guda daga gidanmu a kai lakwal, wato makarantar boko. Mu biyu ne maza. Baba ya dubi wana, ya ga mai riƙe hauya ne, ya dube ni, ya ce a tafi da wannan. Aka cire ni daga makarantar allo ban kai ko'ina ba. A lakwal, wanda ya yi Hausa cikin aji sai a rataya masa ƙashin jaki a wuya, ya wuni da shi har wani ya yi suɓul da baka ya karɓa. Na rataya har na gaji, daga baya na daina magana sam, sai aka ce na natsu. Haka na bi har na zama mushe, wato malamin lakwal, aka ajiye ni a wani ƙauye kusa da gida ina zuwa da keke. Duk takardar da ta shigo unguwarmu, ta likita ce ko ta jandarma, hannuna take biyowa. A wurin mutanenmu rubutun nasara duk ɗaya ne, wanda ya yi lakwal ya iya shi.

Wana kuwa, bayan rasuwar Baba, noma ya ƙi, ya bi abokai neman abin kai. Ya yi Kamaru, daga can muka ji ya tsallaka ruwa zuwa Malabo, wani gari a tsibiri inda ake Sifaniyanci, yana sayar da tsire. Ya bar matarsa da ƴaƴa biyu a gidanmu wajen Inna. Ni da matar nan wasa muke irin na ƙanen miji. Ba ta kiran sunana, sai Mushe, kuma ba ta miƙo mini tuwo sai ta yi mini tsiya cewa mai aikin alli bai gaji ba balle ya ci da yawa.

Takardar ta zo ta fosta bayan girbi, da hatimi biyu a kanta. Na dawo daga lakwal na tarar da su a tsakar gida suna jirana, Inna ta ɗora ambulan a kan faifai.

"Mushe, karanta muna," in ji matar wana. "In gaisuwata ce kar ka rage komi, na san halinka."

Na buɗe. Ba Faransanci ba ne, amma harsunan biyu dangi ne, mai jin ɗaya yakan tsinci kalmomi a ɗayan. Na ga sunan wana da na Baba. Na ga kalmar asibiti. Na ga wata da ta yi kama da mutuwa ƙwarai, ga kwanan wata a gefenta. Na tsaya ina jira in ji wani abu a raina, ban ji komai ba. Ana daka a maƙwabta, shi kaɗai nake ji.

"Wannan ba yarenmu na lakwal ba ne," na ce. "Ban iya shi ba."

"Kai! Duk shekarun da ka yi?" in ji Inna.

"Sai na koya."

"To koya mana, mi kake jira?"

Na ninke takardar na sa cikin littafin darasina.

Akwai wani mushe a lise, wato sakandaren Konni, mai koyar da Sifaniyanci. Minti guda ya ishe shi ya karanta mini takardar nan, na kuma san haka sarai. Ban nuna masa ba. Na ce darasi nake so. Ya yi dariya, ya ce ɗalibansa ma gudun aji suke, ga ni na kawo kaina da ƙafata. Ya ara mini wani littafi da bangonsa ya fita, da ƙamus. Duk ranar da babu lakwal sai in tsaya bakin hanya in hau motar Konni, a matse mu da buhunan albasa da awaki, in zauna a ƙofar ɗakinsa ina maimaita sunayen ranaku da na launuka, da yadda ake tambayar hanyar tashar jirgin ƙasa, mu da ba mu da jirgin ƙasa. Ya ce kaina na ja. Oho.

A gida matar wana takan tare ni tun daga zaure.

"Mushe, an kai ga takardata?"

"Saura kaɗan."

"Wanga yare naka ya fi jakin mai ruwa nawa."

Da tafiya ta yi nisa ta daina tambaya da wasa, daga baya ta daina tambayar ma, sai ta dube ni kawai in za ta miƙo mini ruwa. Ina cin tuwonta, ina duba aikin yara, ina barci lafiya lau. Abin da nake gaya wa kaina shi ne ba a faɗin mutuwa da zato, sai na tabbatar da kowace kalma. Kuma a ganina babu abin da zai ɓaci. Ranar da na faɗa, ranar za a zauna makoki, ranar za ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba kitso ba kwalli ba fita, mata su riƙa zuwa suna zama da ita. Jinkiri kawai na yi, haka na ɗauka.

Sanyi ya wuce, zafi ya fara shigowa. Wata Lahadi da hantsi na zauna gindin bedi na bi takardar layi-layi da ƙamus, ban tsallake kalma ba. Zazzaɓi ne, kwana uku a asibiti, an binne shi can. Babu sabon abu a ciki. Na aika aka kira liman, na tara su a tsakar gida, na faɗa da Hausa a taƙaice.

Inna ta yi salati ta rufe fuska da mayafi. Liman ya yi addu'a, sannan ya tambaye ni ranar rasuwar. Na juya masa kwanan watan nasara zuwa namu. Ya ƙidaya a yatsu, ya sake ƙidayawa.

"Takaba daga ranar rasuwa ake lissafa ta, ba daga ranar jin labari ba," in ji shi. "Ta cika tun kwana tara da suka wuce. Babu komi bisa kanta."

Wallahi ban san haka ba, ban kai nan a karatun allo ba. Da na faɗa ranar da takardar ta zo, da ta samu wata uku da ɗoriya.

Matar wana ba ta yi kuka ba. Ta tambayi liman ko za ta iya yi duk da haka. Ya ce baƙin ciki ba a hana kowa, amma takaba ta wuce, ba a ramawa. Ta juya hannuwanta tana dubawa. Lalle ne a jikinsu, ja wur, na bikin sunan da aka yi a maƙwabta cikin makon.

"Sau ukku na ƙunsa shina cikin ƙasa," ta ce. Ta ɗago ta dube ni. "Mushe, ranar da ka buɗe ta, ka gane?"

Na ce, "Na gane."

Ta ce to. Ta tashi ta ɗauko dutsen goge kaushi, ta zauna bakin randa, ta fara dirzar tafin hannunta.