Akwatin Baba Kafinta

Tun cikin yana wata huɗu nake tsoron haihuwar bakwaini. Yayata ta haifi biyu haka, duk sanyi ya ɗauke su kafin suna. Ban gaya wa kowa ba, ina kai abinci gona ina ƙirga watanni.

Ana tsakiyar marka naƙuda ta zo, wata bakwai cif. A wani ƙaramin asibitin mishan wajen Ƙarfi na haifi 'ya mace, 'yar mitsitsiya, tafin ƙafarta sanyi ƙalau. Sista mai karɓar haihuwa ta ce tun bara suka rubuta a aiko musu da akwatin ɗumama jarirai, shiru.

Sai ta sa aka kira wani tsohon kafinta da ke yi wa masu kiwon kaji akwatin ƙyanƙyasa. Kafin azahar ya haɗa na katako, gilashi a sama, fitilar kananzir a ƙasa, hayaƙi na fita ta bututu.

"Sista, ki ba ni kwana uku in gwada shi. Ko ƙwai ba na sa wa sabon akwati."

"Baba, dubi yarinyar nan. Ka ga kwana uku a jikinta?"

Ya dube ta. Ya nemi man shanu, ya ɗiga a kusurwa huɗu, ya rufe. Ni kuwa na ɗaure ta a ƙirjina, ina jin numfashinta yana tsayawa yana dawowa. Ba a jima ba man kusurwa ɗaya ya narke ya malale, sauran ko motsi. Daidai nan kanta zai kwanta.

Ya shimfiɗa yashi a kan kwanon da ke saman fitilar don zafin ya bazu daidai, ya sake ɗiga man. Sau uku, kafin man ya narke daidai a duk kusurwoyin. Sista tana zura ma'aunin zafi tana cije leɓe. Da la'asar ta miƙo hannu.

"Kawo ta."

Na ƙi.

"'Yata, sa hannunki ki ji," in ji Baba. "In ya ƙone ki, ni zan fasa shi."

Na zura har gwiwar hannu, na daɗe. Ɗumi ne kamar na jikin mutum. Na kwance zani na ba da ita.

Kwana ashirin da ɗaya ta yi a ciki, ta fito tana kama nono.

Kai mai karatu, in kana cikin masu ƙera irin waɗannan kaya, don Allah ka yi sauri, ka gama gwajinka tun ba a kawo jaririn ba.