Glenys, Wadda Ta Ƙi Karɓar Makulli

Duk ranar da jirgin ruwa na 'yan yawon buɗe ido zai tsaya a garinmu, kafin ya bayyana a bayan tsibiri Glenys Tuckwell ta riga ta zagaya motocin shiga yashi guda uku da ake kai baƙi yawo da su. Takan taɓa kowace taya da tafin hannu, ta ɗaga jarkokin ruwa ɗaya bayan ɗaya ta ji nauyinsu, don ba ta yarda da wanda ya ce mata "na cika" ba. Daga nan sai ta sauko bakin gadar da kwale-kwale ke tsayawa da kofin shayinta ta tsaya kusa da ni. Ni aikina igiya. Babban jirgi ba ya iya matsowa gaɓarmu, can cikin zurfi yake tsayawa, kwale-kwalen inji su yi ta jigilar baƙi, ni kuma in ɗaure in kwance. Baƙon farko da ya taka gada da agogo a hannu, kafin ya gama gyara hularsa za ta tare shi: "Bawan Allah, ƙarfe nawa agogonka ya ce?"

Shekara ashirin da shida tana wannan tambayar, mu kuma muna yi mata dariya. Dazza, abokin aikina, duk Kirsimeti sai ya yi alkawarin saya mata agogo.

Ranar Juma'ar nan za ta ajiye aiki. Gwiwa ta ƙi. Mutanen garin nan kowa da abin da ya gani nata. Akwai ranar da ta juyo da motoci uku daga rabin hanya don ta ji ƙaurin gobarar daji tun babu wanda ya hango hayaƙi, baƙi suna ta gunaguni har suka iso suka ga jan sama a bayansu. Masu shago sun san ita ce ke sauke baƙi a ƙofarsu minti goma kafin gada, ko sa sayar da 'yan kayansu. Ni nawa labarin guda ɗaya ne, kuma har yanzu in na tuna shi sai in kasa zama.

'Yata Taryn, ita kaɗai gare ni, shekararta ashirin da uku. Na so ta kama aiki a kantin magani, inda akwai sanyi da rufin asiri. Ta ce ita tuƙin yashi za ta yi. Glenys ta ɗauke ta ta koya mata wata takwas. Tun daga nan, duk ranar jirgi hannuna na kan igiya, idona na kan jar hanyar da ta shige bayan gari, ina ƙirga motocin da suka dawo.

Wata Laraba a watan Oktoban bara, Glenys ta tafi ganin likita da safe saboda gwiwar. Aka ba Taryn doguwar tafiya zuwa jajayen tuddai, ita kaɗai, karon farko, da baƙi tara. Allon da ma'aikatan jirgi suka kafa a gada ya ce kwale-kwalen ƙarshe ƙarfe huɗu da rabi. Taryn ta karanta, ta ce mini, "Baba, huɗu daidai ina nan. Ka daina kallona haka." Suka tafi.

Babu wanda ya yi wa baƙi tambayar agogon nan ta Glenys a ranar.

Ƙarfe ɗaya da kwata ta iso gada tana ɗingishi. Wani dattijo cikin baƙin jirgi ya dawo daga cikin gari da ledar tsaraba, ta tare shi kamar kullum. Ya duba hannunsa ya ce, "Uku saura kwata."

Kofin ya tsaya a bakinta.

Daga Darwin jirgin ya taso, inda agogo ke gaba da namu da awa ɗaya da rabi. Yawancin kyaftin-kyaftin sukan juya agogon jirgi kafin su iso mana. Wannan bai juya ba. Huɗu da rabin da ke kan allo, ƙarfe uku ke nan a wajenmu. Wayoyin baƙi kuwa da sun taka ƙasa suke komawa lokacin garinmu da kansu, shi ya sa agogon hannu kawai take tambaya. Baƙin Taryn kai tsaye suka yi rajista da ɗan kamfaninmu, jirgi ba ya jiran irinsu. Fasfonsu da magungunansu duk suna cikin ɗakunansu, tasha ta gaba kuma kwana biyu ce a ruwa. Direban da ya sa jirgi ya bar baƙi tara a garin nan, ya gama tuƙi. A bayan tuddan babu layin waya, oba-oba ma ba ta kaiwa.

"Zan bi ki," na ce.

"Ka bi ni ka yi me, Nev? Ka yi mini kuka a kunne?" Ta riga ta nufi tsohuwar a-kori-kurarta mai kujera biyu. Sai ta waiwayo. "Igiyar ƙarshe a hannunka take. Ka tuna ka tsufa, hannunka ba ya sauri."

Minti hamsin zuwa, hamsin dawowa. Na lissafa shi sau ya fi ashirin, kullum minti biyar ne ke saura.

Abin da ya faru can, Taryn ce ta ba ni, sai kuma wata baƙuwa daga Hobart da ta rubuto wasiƙa daga baya. Glenys ta same su a gindin tudu suna shan shayi da burodin da aka gasa a toka, suna kora ƙudaje. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ja Taryn bayan mota ta ce, "Yarinya, jirgin nan bai juya agogo ba. Faɗa musu gaskiya, ki tattara su. Ban ce ki yi gudu ba."

Taryn ta faɗa musu, ta tattara su, sannan ta yi gudu da motar. A busasshen kogin da suka haye lafiya da safe, motar ta nutse. Yashin safe daban, na rana daban. In ya sha zafi sai ya saki kamar gari. Ta ƙara taka totur, tayoyi suka ƙara haƙa rami, har cikin motar ya kwanta a ƙasa.

Taryn ta fito, ta miƙa wa Glenys makulli. "Anti, karɓi. Ni na kasa."

"Ni? Gwiwata ba ta taka kulochi."

"To da me kika zo nan?"

"Da addu'a. Tsuguna ki sace iskar tayoyi."

Wani ƙato cikin baƙin ya fara ihu a ba tsohuwar ta tuƙa, shi ba zai kwana a wannan daji saboda 'yar koyo ba. Glenys ta ɗauko shebur ta ɗora masa a hannu. "Yauwa, Yallaɓai, dama mai ƙarfi nake nema. Gaban tayar hagu." Sauran ta sa su karyo busassun rassa su shimfiɗa. Taryn kuwa ta sa ta zagaya tayoyi huɗu, kowace tana sace iska tana ƙirga sittin da baki, a hankali, lokaci na tafiya. Matar Hobart ta rubuta cewa ba ta taɓa jin ƙirge mai tsawo irin wannan ba. Da aka gama Glenys ta leƙa ta tagar direba ta ce, "Giya ta biyu. Ki taka kamar akwai ƙwai a ƙarƙashin ƙafarki. Yashi ba ya son mai gaggawa." Motar ta yi nishi, ta ɗago, ta fita.

Babu lokacin sake hura tayoyi. Haka suka hau kwalta da su a saɓe, ba halin gudu.

Ni ban san ko ɗaya daga wannan ba. Abin da na sani, ƙarfe uku ta buga, kwale-kwalen ƙarshe ya cika saura kujeru tara, jar hanya kuma babu ko kare. Jami'in jirgi mai kula da gada, wani ɗan Filifin mai suna Manalo, ya naɗe allonsa ya ce, "Malam, kwance mana."

Na durƙusa kan ƙullin da na saba warwarewa ido rufe. Na ja nan, na ja can.

"Me ya faru?"

"Ya cije, Yallaɓai."

Dazza ya zo ya tsaya a kaina yana girgiza kai. "Ai wannan ƙullin tun na kakansa ne, Yallaɓai. Gishiri ya shige shi. Bara sai da muka kira injiniya."

Jirgi ya yi oda, doguwa, har cikin haƙorana. Oba-obar Manalo ta yi ta magana. Uku da minti bakwai ya tsuguna kusa da ni, ya kalli ƙullin, ya kalli hannuna. Ba yaro ba ne, ya san igiya. A hankali ya ce, "Wa kake jira?"

"'Yata ce direban."

Ya daɗe yana kallon hanyar. Sannan ya miƙe, ya danna oba-oba, ya gaya wa na sama cewa igiya ta cije a gada, ana kai. Ni kuma ya ce mini, "Minti biyar. Daga nan wuƙa zan sa."

Biyar ɗin ta cika har ta ɗan gota, ya zaro wuƙar, sai Dazza ya ce, "Ƙura!" Motar na tafe a hankali kamar mai ciwon ƙafa, a-kori-kura na bin ta a baya. Na leƙa in ga wa ke kan sitiyari. Taryn ce. Baƙi tara suka sauko da jan yashi har gwiwa, ƙaton nan ya manta yana riƙe da shebur sai da Manalo ya karɓe. Ƙullin kuwa ya warware da ja ɗaya.

Mai kamfani ya zo yana huci, yana tambayar laifin wa. Kafin Taryn ta buɗe baki Glenys ta ce, "Nawa. Ni na koya mata komai ban koya mata dalilin tambayata ba. Na bari kuna ɗauka tsufa ne."

Ni ma ban yi shiru ba. A nan kan gada na ce wa Taryn ya isa, ranar Litinin ta je kantin magani. Glenys ta zauna kan turken ɗaure igiya tana murza gwiwa, ta ce, "Nev, da na karɓi makullin nan da ka samu abin da kake so. Da ba za ta sake shiga yashi ba har ta mutu. Yanzu kam tambaye ta."

Ban tambaya ba. Taryn ta share fuska da hularta ta ce, "Baba, Laraba mai zuwa akwai jirgi."

Glenys, ke ce kika ga minti biyar kacal a hannunki, kika kashe huɗu kina sa yarinya ƙirga sittin. Ke ce kika fi kowa iya fitar da motar nan, kika tsaya a rana da gwiwa mai ciwo kina kallon wata ta fitar. Uwar direbobin yashi, mai hana gaggawa ana tsakiyar gaggawa. Baƙin nan sun koma gidajensu da hotunan tuddai, yawancinsu ko sunanki ba su riƙe ba. Mu mun riƙe.

Ku da kuka daɗe a sana'a, a gareji ne ko a kwale-kwalen kamun kifi ko a asibitinmu, ku dubi matar nan. Ranar da na ƙasa da ku ya miƙo muku makulli ya ce ya kasa, karɓa ya fi sauƙi, kowa ma zai yabe ku. Ku tsaya kusa da shi, ku faɗa masa giyar da zai sa.

Daga mako mai zuwa doguwar tafiya ta zama ta Taryn. Ba zan yi ƙarya ba, zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ba na jin za ta kwanta. Ranar Juma'a ƙarfe biyar a zauren gari za mu taru mu sallame ki, kowa ya zo da kwanonsa. In na kasa magana a gaban mutane, ga shi na rubuta: na gode, Glenys. Ba abin da na roƙa kika ba ni ba, amma na gode.