Kunya Biyu a Gona Ɗaya

Furar da ta wuni ba a sha ba tana da wani wari nata na daban, wani tsami mai hawa hanci. Makon jiya na buɗe wata roba a madafina, warin nan ya buge ni, sai da na nemi kujera na zauna. Abin da ya zaunar da ni wata rana ce ta damina da na zaci na manta, ina yarinya a ƙauyenmu da ke bayan Ƙofa, ta wajen Kusada. Bari in ba ka labarin, ko da yake ba irin wanda ake bayarwa da ɗaga kai ba ne.

Mahaifina ba mugu ba ne, kada ka ɗauka haka. Sallah ba ta wuce shi, bai ci haƙƙin kowa ba, hannunsa kuma a buɗe yake. Goro yake sayarwa a wata rumfa a bakin titin Kankiya, inda motocin Kano da Katsina ke tsayawa. Da sassafe zai hau kekensa, sai magariba mu ji ƙararrawarsa a ƙofar gida. Aibinsa ɗaya ne, kuma a lokacin ni ban san aibi ba ne: ba ya zuwa wa mutane da ƙafarsa.

A wancan zamani idan ciyawa ta fi ƙarfin mai gona, gayya yake kira. Ya raba goro, ya sa rana, maza su fito da hauyoyinsu, matan gidansa su yi tuwo da fura. Ba a biyan kowa, yau taka gobe ta wani. To duk sanda goron gayya ya iso gidanmu, sai mahaifina ya zaɓo nasa goron, farare manya-manya, ya naɗe a ganye, ya ce in kai.

"Ki ce a yi haƙuri, uzuri ya riƙe ni."

Haka yake yi a suna, haka a ɗaurin aure. Ni kuwa ina tafe ina ƙasaita, don goronmu ya fi na kowa kyau. A karɓa a ce an gode, Allah ya ƙara kasuwa. Ba wanda ya taɓa ɓata fuska. Kakata ce kaɗai ke yi masa mita, tana cewa zumunta a ƙafa take, shi kuwa ya yi dariya ya ce ai ba a taɓa maido masa da goronsa ba.

Abin da bai lura da shi ba, albarkacin kaza ne ƙadangare ke shan ruwan kasko. Kakana, mahaifinsa, shi ke zuwa. Tun yana saurayi ba gonar da bai zuba guminsa a cikinta ba a ƙauyen nan, ba kabarin da bai kama haƙa ba. Ba mai yawan magana ba ne, sai dai tsokana, ni ma amaryarsa yake kirana. Amma tsufa ya cim masa, gwiwa ta ƙi, yanar ido ta rufe masa gani, sai ya koma zaman zaure. Daga nan gidanmu ya daina aika mutum, sai goro.

Shekarar da nake ba ka labari ruwa ya sauka da kyau, ciyawa ta taso a babbar gonar geronmu kamar an shuka ta. Marka na ƙaratowa, kuma kowa ya san idan ta kama ba a nome ba, gero ya tafi, abincin shekarar gidan ke nan. Mahaifina ya sa ranar gayya. Bai yi ƙwauro ba ko kaɗan. Ya yanka akuya, ya ɗauko makaɗan noma, mata suka yi wuni biyu suna daka har hannun Innata ya yi kanta.

Ranar muka kwashi akusa da ƙore muka jera a gindin tsamiyar da ke bakin gona. Ƙasa na ƙamshin ruwan daren jiya, ganga na tashi. Mahaifina na tsaye da sabuwar hauya, ƙotarta ko datti ba ta yi ba. Can sai ga ɗiyar maƙwabcinmu, sa'ata, riƙe da ƙunshin ganye. Ta durƙusa ta miƙa.

"In ji Baba, a yi haƙuri, uzuri ya riƙe shi."

Ba ta ɓace ba sai ga wani aiken, sai ga wani. Kowa da ƙunshin goronsa, kowa da maganar nan, ba ragi ba ƙari. Ni na fara gane ta, don a bakina ta saba fitowa. Aka rasa inda za a zuba, aka juye a wata ƙwarya, ƙwaryar ta cika. Makaɗi ya rage hannu, ya rage, har ya ajiye gangar ya shiga gyaran tsarkiyar da ba abin da ya same ta. Mazan kuwa ba ɓuya suka yi ba. Suna zaune a gindin ɗorawa can bakin hanya, muna hango su suna hango mu.

Kakata ta dubi layukan kunyoyin gonar da ciyawa ta rufe, ta dubi ɗanta.

"Yau kam gonarga kunya biyu gare ta, ta ƙasa da ta mai ita."

Ba wanda ya yi dariya. Na ga wuyan mahaifina ya sunkuya, abin da ban taɓa gani ba, sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ban san wanda ya kai wa kakana labari ba. Sai dai muka gan shi tafe yana dogara sanda yana laluben hanya. Da ya ji muryata ya ce, "Amaryata, kama ni ki kai ni bakin kunya." Ya zare sabuwar hauyar daga hannun ɗansa. Ya duƙa. Idonsa ba ya raba gero da ciyawa, da yatsu yake shafawa kafin ya sara, wani lokacin ma geron yake sarewa. Ina tsaye a gefensa ina jin yadda numfashinsa ke fita da ƙyar.

Bai kai tsakiyar kunyar ba maƙwabcinmu ya miƙe daga gindin ɗorawa. Ya iso da sauri ya riƙe ƙotar.

"Haba Baba, muna raye?"

Ashe hauyoyinsu na kusa. Suka shigo gonar, kowa ya kama kunyarsa. Ba kiɗa, ba kirari, ba ihun da aka saba, sai ƙarar ƙarfe a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kafin la'asar sakaliya gona ta fito fes. Mahaifina ya matsa, ya ce bisimilla, ga abinci. Maƙwabcin ya goge gumi da hularsa.

"Alhamdu lillahi, mun ƙoshi. Tsoho muka zo mawa, shi ko mun daɗe da cin tuwonshi."

Suka durƙusa ɗaya bayan ɗaya suka gaida kakana, suka tafi. Ko ludayi ba wanda ya taɓa.

Ka taɓa dawowa da abincin gayya a kai, da nauyinsa yadda ka kai shi? Hanyar gidanmu ta tsakiyar ƙauye ta bi. Ina ɗauke da ƙwaryar fura, mata na leƙowa ta kan danga suna yi mana sannu da aiki a hankali, sannun da ta fi zagi ciwo. Rana ta riga ta dafa furar, warin tsaminta na sauko mini a fuska har gida. Da muka shiga zaure na ji kakana ya ce wa mahaifina, "Ba kayanka suke so ba, kai suke so. In ka hana su kanka, mi ka ba su?"

Gayyar da ta biyo baya, mahaifina ya rufe rumfa ya je. Hannunsa ya faffashe, ba wanda ya tsokane shi, ba kuma wanda ya yabe shi. Sai da damina ta zagayo, ta sake zagayowa, kafin mutanen nan su zauna su ci tuwon gidanmu.

Yanzu ni ma a Kankiya nake, ina koyarwa, ina ɗan sayar da atamfa a gida. Tsakanina da ƙauyenmu tafiyar acaba ce kawai. Amma yau makaranta, gobe ciwon baya, jibi masu sayen kaya. Idan aka yi haihuwa ko biki sai in ƙulla sabulu da turmin zane in ba wani ɗan acaba da na saba da shi, in bi da kiran waya. Kayana sun fi na kowa kyau. Ka ji ni? Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Makon jiya aka yi sunan jikata ta fari a gidana. Abokan aiki sun zo, maƙwabta sun zo. Amma tabarmin da na shimfiɗa wa dangina na ƙauye, har yamma ba wanda ya zauna a kai. 'Yan acaba ne ke ta sallama a ƙofa, kowa da ledar sabulu, in ji Goggo a yi haƙuri, in ji Iya uzuri ya riƙe ta. Sabulu ya taru a kusurwar ɗaki, furar da na dama musu tana rufe a roba. Na duba tsakar gidan nan ko akwai wani tsoho da zai duƙa domina. Babu. Ni ce tsohuwar gidan yanzu, kuma wannan jaririya ba ta da albarkacin kowa sai nawa.

Yau da safe akwai suna a gidan jikan maƙwabcin nan namu na ƙauye. Ɗan acabana ya zo kamar kullum, ya tsaya a ƙofa bai ko kashe mashin ba.

"Hajiya, ina saƙon?"

Na ja mayafi na rufe rabin fuskata, don ban san da wane ido zan dubi matan can ba.

"Ni ce saƙon," na ce masa. "Matsa in hau."